Ɗan Kwikwiyo a Gindin Rumbu: Mafarautan Kanya Babba da Yaƙin Ƙazwa da Kaska

A ƙasarmu ta Babura, daga Kanya Babba har ka dangana da iyakar Nijar, mutum biyu ne a da za su ajiye kare ba a yi musu wani kallo ba: makiyayi da mafarauci. Na makiyayi yana can ruga yana bin shanu. Na mafarauci kuwa cikin gari yake kwana, bayan gida ko gindin rumbu, kuma shi kaɗai ne karen da magidanci zai tsuguna ya buɗe masa kunne ya duba. A gidan farauta na tashi. Kakana na wajen uba ya yi ta har ƙafa ta gaza, ƙanin mahaifina ya gaje shi, ni kuma boko ya janye ni. Abin da zan faɗa a nan wani na gani da idona ina yaro, wani kuma karatu ne ya fayyace mini shi daga baya.

Daji tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Tarihin Kano ya fara ne da Dala da Barbushe na zuriyarsa, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa. Maƙwabtanmu Kazaurawa ma labarin bakinsu yana cewa wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a wurin, tun da daɗewa kafin Ɗan Tunku ya kafa sarautar Fulani a 1819. Sai dai maharbi daban, mafarauci daban. Maharbi shi kaɗai yake shiga daji da baka da kwari, ba ya son motsi, ba ya son haushi. Farauta kuwa ta gayya ce. Idan an gama girbi kaka ta wuce, gangi ya yi kira, matasan ƙauyuka su fito da gora da barandami, kowa da karnukansa, a bazu cikin saura ana tayar da zomo da kurege da zabon daji. A nan darajar mutum tana ga karensa. Wanda karensa ya fara cafke zomo shi ake yi wa kirari, shi kuma ake neman iri a gidansa.

Malaman garinmu ba su taɓa hana wannan ba, domin suna da hujja. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ɗan Ƙairawan, wadda kowane almajirin zaure ya sani, an yarda a riƙe kare don gona, ko don dabbobi, ko don farautar neman abinci, aka hana riƙe shi don wasa. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo. A mazhabar Maliku kuma kare mai rai ba najasa ba ne. Duk da haka al'ada ta fi fiƙihu tsanani a kan kare. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar tabarmar salla, kaskon abincinsa daban. Wannan nisantarwa ita ta sa jinyar kare ta zama sanin gida ɗaya ko biyu a gari, daga uba zuwa ɗa, ba a rubuta ba, ba a kai shi kasuwa ba.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Mafarauci ya fi kowa sanin gaskiyar wannan, don kare ba ya daɗewa yana kan ganiyar gudunsa, saboda haka kullum ana renon na baya. Karya takan ɗauki ciki wata biyu da 'yan kwanaki, ta nemi wuri mai duhu da sanyi, galibi ƙarƙashin rumbu tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, ta zuba 'ya'yanta. Sai sun kusa mako biyu suke buɗe ido. Daga ranar haihuwa zuwa wata uku nan ne ake asara, kuma ba kura ba ce ke ɗaukar su. Ƙananan abubuwa ne: ƙuma, kaska, ƙazwa, da tsutsar ciki.

Kakana yana da sa'arsa ta duba su, da hantsi, bayan ya dawo daga gaisuwar safe. Zai zauna kan turmin da aka kife, kasko da ɗan garwashi a gefensa, ya ce da ni, "Kai angon kakarka, miƙo mini baƙin nan." Ya kwantar da shi a cinya, ya fara da cikin kunne, ya bi wuya, ya sauka hammata, ya ƙare da tsakanin yatsu. Idan ya sami kaska ba ya fizga. Yakan kama ta da farce daf da fata, ya ja a hankali har bakinta ya fito, ya jefa a garwashi, ka ji ta fashe. Bai yarda a murƙushe ta a ƙasa ba, wai za ta haihu. Sai ya ɗaga leɓen kwikwiyon ya kalli dasashi. Ja, ya ce lafiya. Idan ya ga ya yi fari fat, sai ya yi shiru, ya ce a ƙara wa uwar tsari da dusa. Daga ƙarshe a shafe kowanne da tokar kara da aka tankaɗe, a guji ido da hanci, a mayar da shi.

Da na girma na karanta, sai na ga tsohon yana kan hanya a abubuwa da dama ba tare da ya san sunan ko ɗaya ba. Kaskar kare, ja-ja ɗin nan, ba irin ta shanu ba ce da ke jira a ciyawa. A gida take zaune. Idan macen ta sha jini ta ƙoshi sai ta saki, ta nemi tsagar bango ko ƙarƙashin dutse ta zuba ƙwai dubbai. Ita ce kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke fasa jinin kare, ya yi zazzaɓi, fitsarinsa ya yi duhu. Ƙuma ma haka: wadda kake gani tana tsalle a jikin kare kaɗan ce, ƙwai da 'ya'yan suna cikin ƙurar makwanci. To abin da kakana ke yi duk bayan ɗan lokaci shi ne ya kwashe 'yan kwikwiyo, ya share makwancin, ya tara shara da kara ya cinna wuta a nesa da rumbu, ya zuba toka mai zafi a gurbin, ya sauya musu wuri. Idan kaska ta yi yawa a bango sai a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a toshe duk wata tsaga. Ba a saya ba, ba a sha ba, amma ya fi rabin magani.

Ƙazwa ce aka fi tsoro, don ita ce ke zubar da mutuncin mai kare. Ka fito farauta da kare mai kunne duk ɓamɓaroki yana susa, a ranar ka zama abin habaici. Tsofaffinmu sun raba ta biyu, mai susa da marar susa, kuma likitocin dabbobi sun tabbatar da rabon. Mai susa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, macen tana haƙa rami cikin fata tana zuba ƙwai. Takan fara daga bakin kunne da gwiwar hannu da ciki, kare ya yi ta karta har jini, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tattare. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare cikin sauri, har yaron da ke rungumar kwikwiyo yakan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki, ko da yake a jikin mutum ba ta daɗewa. Maganinta a gidanmu farar wuta ce daga wurin 'yan koli, a daka ta lukui, a kwaɓa da man shanu ko man kaɗe, a wanke kare da sabulun salo a kankare ɓawon, a shafa. Bayan 'yan kwanaki a sake, a sake, har wata guda, kuma a ɗaure shi shi kaɗai a gindin aduwa. Dalilin maimaitawar shi ne ƙwan ƙwaron ba ya mutuwa da shafa ɗaya, kuma daga ƙwai zuwa babba yakan ɗauki kusan mako uku. Har gobe a Turai da Amurka likitoci suna yi wa ƙananan dabbobi wanka da ruwan farar wuta idan sun yi ƙanƙanta da ƙarfafan magunguna.

Marar susa kuwa 'yan tabo ne da ke fitowa a fuska, kewayen ido da ƙafafun gaba, gashi ya zube amma kwikwiyon bai damu ba. Wannan ƙwaronta daga jikin uwa yake samun sa a kwanakin farko na shan nono, kusan kowane kare yana da shi, sai jiki ya yi rauni yake bayyana. Kakana ba ya shafa mata komai. Cewa yake yi yunwa ce, a ba shi nono da romo. Mafi yawanci takan tafi da kanta. Wadda ta game jiki duka har da ruwa da wari, wannan sai dai a sa wa sarautar Allah ido.

Da damina akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa. Tsutsar ta huda fatar cikin kwikwiyo ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya inda take numfashi. A toshe ramin da man shanu, ta leƙo neman iska, a matse ta fito. Wani ƙudan kuma bakin kunne yake ci har ya yi gyambo, kuma yana cikin dalilan da mafarauta ke bayarwa na yanke wa kwikwiyo kunne, tare da cewa ƙaya da haƙorin dabba ba za su sami abin kamawa ba. Ni dai ban taɓa son wannan al'ada ba. Na ga kunnen da aka yanke da aska marar tsabta ya ruɓe, na kuma ga masu cikakken kunne da suka fi kowa gudu.

Inda ilmin tsofaffi ya gaza shi ne tsutsar ciki. Suna jiƙa sassaƙen maɗaci su ɗura, wani ya sa kanwa a tsari, amma sai ciki ya kumbura haƙarƙari ya fito suke farawa. Ba su san cewa kwikwiyo da tsutsarsa ake haifarsa ba. Doguwar farar nan tana ratsawa daga jikin uwa tun yana ciki, ƙaramar mai shan jini kuma ta nono take bi. Farin dasashin da ke sa kakana shiru, sau da yawa ita ce. Likitoci yanzu suna cewa a fara ba da maganin tsutsa tun kwikwiyo yana mako 2, a maimaita a mako na 4 da na 6 da na 8, a ba uwar ita ma. Da wannan kaɗai ya iso gidajen farauta shekaru sittin da suka wuce, da an tsira da iri masu kyau da yawa.

Bai iso ba, saboda hukuma ba don kare ta kawo aikin lafiyar dabbobi ba. Annobar shanu da ake kira bushiya ta share garke a ƙasar nan wajen 1890, ta kuma dawo bayan Turawa sun ci ƙasa. Shanu kuwa su ne jangali, jangali shi ne baitulmalin En'e. Shi ya sa aka buɗe sashen dabbobi a Zariya daf da Yaƙin Duniya na Farko, aka mayar da shi Vom a 1924, inda ake haɗa allurar rigakafi har yau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ƙara fitar da ƙirgi da fatar jan akuya waje, aka naɗa malaman fata suna bin kasuwanni suna koyar da fiɗa da shanya. Ƙazwar akuya ta dami gwamnati domin tana ɓata fatar da za a kai Ingila. Ƙazwar kare ba ta dami kowa ba, fatarsa ba ta da kasuwa. A 1962 aka fara gagarumin hujin shanu na ƙasashen yankin Tafkin Chadi, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a 1964, duniya ta yi shelar kawar da bushiya baki ɗaya a 2011. A duk tsawon wannan tafiya, sau ɗaya ake tuna kare: idan ya haukace ya ciji mutum.

Saboda haka maganin zamani ta bayan gida ya shigo wa mafarauta, daga ragowar abin da aka kawo don gona da shanu. Ganyen darbejiya ma da ake magani da shi, wanda wasu ke ɗauka gadon kaka da kakanni ne, baƙo ne. A 1928 aka fara dasa itacen a Borno, daga baya ya bazu zuwa wajenmu. Shi dai bai cutar da kowa ba. Masu cutarwar su ne na kwalba. Aka yi zamanin Gammalin 20, wanda don feshin koko aka kawo shi, mutane suka mayar da shi maganin kowane ƙwaro, har sai da yarjejeniyar Stockholm ta haramta sinadarinsa a aikin gona a 2009. Aka yi zamanin garin wankan shanu. Aka zo kan fiya-fiya, wanda don sauro da kuɗin cizo ake sayensa. Mafi muni a ganina shi ne baƙin mai. Da injinan niƙa da babura suka yawaita, sai wani ya gano cewa idan aka shafe kare da tsohon man inji yana daina susa. Yana dainawa, amma fata na tsotse gubar, kare kuma yana lashewa. Na ga 'yan kwikwiyo huɗu na wani maƙwabcinmu an shafe su baƙi ƙirin da safe an bar su a rana, kafin la'asar biyu sun miƙe. Ƙanin mahaifina ya je ya tsaya a kansu, ya ce da mai su, "Malam, ai da ka bar su da ƙazwarsu."

Sai ga aibamektin, wanda mutanenmu suka fi sani da Ivomec. Wannan magani ne na gaske, ba na musun haka. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya samo ƙwayar halittar da ake yin sa da ita a cikin ƙasa, William Campbell ya gano amfaninta a Amurka, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981, su biyun suka sami kyautar Nobel a 2015. Yana kashe ƙwaron ƙazwa da tsutsar ciki a tashi ɗaya. Tun 1987 ake raba irinsa na mutane kyauta, da sunan Mectizan, kuma duk wanda ya taɓa karɓa ya san yadda ake yi: a tsayar da kai jikin sanda mai zane a auna tsawonka kafin a ƙirga maka ƙwaya, yaron da bai kai santimita 90 ba a ce ya koma gida. Na shanu kuma a jikin kwalbar an rubuta mililita 1 ga kowane kilo 50. To ɗan kwikwiyo mai kilo 2 fa? Rabonsa kashi ɗaya ne cikin 25 na mililita, bai cika ɗigo guda ba. Mai maganin dabbobi a kasuwa da sirinjin shanu a hannunsa ba shi da abin da zai auna wannan. Sai ya ja "kaɗan" da ido, kaɗan ɗin nan kuwa ya ninka ƙa'ida sau goma ko ashirin. Kwikwiyo ya fara tangaɗi, ƙwayar ido ta buɗe, yawu na zuba, ya kwanta. A ce iska ce, ko a ce wani ya yi masa baki. Mutum an auna shi, sa an kimanta shi, kwikwiyo ne kaɗai ba wanda ya auna. Wanda bai kai mako 6 ba ma likitoci ba sa yi masa wannan allura sam.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da kwalba ta zo sai hannu ya huta. Matasan da ke riƙe da karnuka yanzu kaɗan ne ke zama da hantsi su bi kunne da yatsu, kaɗan ke ƙona makwanci ko yaɓe bango. An dogara ga allura, ita kuwa ba ta shiga tsagar bango. Ga shi dajin ma ya ƙare. Noman gyaɗa ya fara cin saura, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa itatuwa, jama'a ta ƙaru, yau daga Kanya Babba zuwa Babura gona ce ke bin gona. Mai son farauta sai ya loda karnuka a mota a nufi dazukan kudancin Kano da Bauci da Kaduna, wasu har kudu. Can karnuka ke haɗuwa da na wasu garuruwa su kwaso ƙazwa, su kuma gamu da tsando, su dawo da sammore, idanu sun yi fari jiki ya rame. Kakana bai taɓa ganin wannan cuta a kare ba, domin bai taɓa fita da karensa inda tsando yake ba.

A birane kuma wani sabon salo ya shigo. A Kano da Kaduna da Abuja za ka ga gidajen da ke riƙe da ƙananan karnukan waje, irin su Lhasa mai dogon gashi, wanda asalinsa daga tsaunukan Tibet ne, babbansa bai wuce kilo 8 ba. Me Risala za ta ce a kansu, wannan na bar wa malamai. Amma kaskar da ke tsagar bangon laka ita ce ke tsagar bulo, gashin nan mai yawa kuma maɓoya ce gare ta, zafinmu ba nasu ba ne, jikin kwikwiyonsu kuma bai kai rabin na namu ba, don haka kuskuren awo ya fi saurin kashe shi. Ruwan wankan amitraz da ake yi wa shanu da manyan karnuka, an yi gargaɗi a kansa ga ƙananan karnuka irin Chihuahua. Sababbin ƙwayoyin taunawa da suka fito wajen 2014, masu kashe ƙuma da kaska da ƙazwa, suna da kyau ƙwarai, sai dai tsada, kuma su ma ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 8 da kimanin kilo 2 ba. Mai kuɗin birni yana da asibitin dabbobi a kusa. Mafaraucin ƙauye ba shi da kowa sai mai tebur a kasuwa.

Kirana ga sashen lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa: idan za ku fito rigakafin haukan kare, wanda ake yi wa kwikwiyo daga wata 3, ku biya ta hannun Sarkin Dawa da shugabannin mafarauta, ku zo da maganin tsutsa na ruwa da ƙaramin sirinji mai mililita 1, ku nuna wa mutane awo. Ɗaliban kiwon lafiyar dabbobi na Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, nan kusa da mu, za su iya wannan aiki a lokacin hutu. Ku kuma 'yan'uwana masu karnuka, kafin kowa ya soka wa kwikwiyonku allura, ku sa shi a buhu ku rataya a sikelin mai awon riɗi, ku faɗa wa malamin dabbobi nauyinsa da makonninsa. Baƙin mai da fiya-fiya kuwa kada su sake taɓa jikin kare.